Ludayin Ɗanɗano

Na daɗe ina dafa burukutu a unguwar Kabong. Da shi na ciyar da 'ya'ya huɗu bayan mijina ya mutu. Ban taɓa zama a benci na sha ƙwarya guda ba. Ɗanɗanawa kawai nake yi. Mai dafawa dole ta sa ludayi a kowace tukunya, safe da rana da yamma, ta ji ko ya nuna. Da ciki ko ba ciki, haka aikin yake. Tsofaffi ma cewa suke yana ƙara wa mai ciki jini.

Ɗana na biyu bai iya zama a aji ba. Abin da aka koya masa yau, gobe babu. Ya sha bulala har ya bar makaranta. Yanzu lodin tumatir yake yi a kasuwar Taminus, kuma ba wanda ya kai shi kirki.

Wata safiya wata matashiya daga jami'a ta shigo gidanmu da takardu. Ta ce suna bin iyaye mata da yawa suna tambayar abin da suka sha suna da ciki, sannan su gwada karatun yaran da natsuwarsu, su jera su gani. Suna tambayar abinci da makaranta ma, don kada a ɗora wa giya laifin yunwa.

"Mama, kin sha lokacin da kike da ciki?"

"Ni ba mashayiya ba ce. Ɗanɗanawa nake yi."

Ba ta yi musu ba. Ta ce in kawo ludayina da ruwa da kwano. Kowace tukunya, in zuba ludayi ɗaya, kamar yadda nake yi a wuni. Na zuba na safe, na zuba na rana. Kafin in gama na yamma ruwa ya malalo kan zanena.

Na tambaye ta game da ɗana. Ta ce, "Mama, lissafinmu na taro ne, ba ya nuna yaro ɗaya. Ba zan ce burukutun ne ba, ba zan ce ba shi ba ne. Amma ba wanda ya san adadin da ba ya cutar da ɗan cikin."

Ban yi kuka ba. Sai na dubi autata. Ita ta karɓi tukwanen tun da gwiwata ta lalace, kuma cikinta na fari wata biyu ke nan. Na tashi na ƙwace ludayin daga hannunta.

"Mama, harshenki ya mutu! Gishiri ma ba kya ji a miya."

"Ya mutu. Ke dai ba za ki taɓa ba."

Gaskiyarta. Dahuwar farko da na ɗanɗana ta yi tsami kamar ruwan tsamiya. Wani tsohon soja da ke zuwa kullum ya kurɓa, ya runtse ido, ya ce, "Mama, wannan na sha ne ko na wanke bindiga?"

Da labari ya bazu cewa gidanmu na neman mai ɗanɗano, tsofaffi suka yi layi tun hantsi. Kowa ya kurɓa sai ya kalli sama, ya ce bai tabbatar ba, a ƙara. Na kore su da tsintsiya. Muka sa mijin autata, ɗan ƙungiyar mawaƙan coci wanda bai taɓa sha ba. Ludayi biyu, ya kama raira wa kaji waƙar yabo. Autata ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Cikin ne ya fitar da mu. Ya buɗe mata hanci, har kifin da ake soyawa a gida na uku takan ji. Wata rana ta ɗaga murfi, ta shaƙa, ta ce wannan saura kaɗan, waccan a sauke. Ta kara kunne ta saurari kumfa. Na kira tsohon sojan ya gwada. Ya sha, ya sara mata. Daga ranar har ta yaye, ko ɗigo bai shiga bakinta ba. Ina lura, don ban yarda da kowa ba.

Ta haifi mace, mai ƙara kamar jiniya. Yanzu tana aji biyu a firamare. Ba na cewa ni na ba ta kai, ubanta ma yana da nasa. Amma kullum ta dawo sai ta jefar da jaka, ta haye cinyata, kan gwiwar mai ciwon, ta buɗe littafi.

"Kaka, saurara!"

"Ke, kin cika surutu."

Sai in gyara mata zama, ta karanta mini har shafin ƙarshe.