Ranar da Wuta Biyu Suka Haɗu a Shagona

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba zan manta da wata Juma'a da ƙarfe biyu da rabi na rana ba, lokacin da fankar shagona ta kama wani irin gudu kamar za ta tsinke ta faɗo. Ina tsugune ina ƙulla zoɓo a leda, na ɗaga kai na ga ƙwan fitila ya yi fari fat, ya dushe, ya sake yin fari. Sai na ji warin roba tana ƙonewa. Na miƙa hannu zan rufe murfin firiza, wani abu ya fizge ni tun daga yatsu har kafaɗa. Yau shekara biyu ke nan.

Shagona yana Kakuri, a wani layin shaguna, ina sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. Mai irin sana'ata ba ta zama jiran wutar gwamnati. Akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin masaƙa, da ke da babban inji a bayan layinmu, shi ke ba mu wuta. Baba muke ce masa. Tsarinsa wata shida-shida ne: ya yanka farashi, ko dizal ya hau ko ya sauka ba ya canzawa. In ka fita kafin wa'adi, kuɗin ajiyarka sun tafi. In kuma sabon zango ya shigo wayarsa tana shagonka, to ka shiga ke nan, a sabon farashi.

Ana haka masu sola suka zo suka shimfiɗa farantansu a rufin layin, suna ba da wuta da rahusa, ba hayaƙi ba ƙara. Na zauna na yi lissafi har na ji ni injiniya ce. Wa'adina da Baba zai cika ranar Juma'a, ƙarshen wata. Na san al'adarsa: duk wanda bai sabunta ba, ranar ƙarshe da tsakar rana yake cire masa waya kafin ya tafi masallaci. Ranar Asabar kuwa bikin yayata ne a cocinmu da ke Nasarawa, firiza biyu cike da abin shan baƙi. Ba zan iya kwana ba wuta ba. Sai na ce wa mai sola ya zo ƙarfe ɗaya daidai. Lissafina shi ne Baba ya cire ƙarfe sha biyu, sola ta shigo ƙarfe ɗaya, ƙanƙara ba za ta ma san an yi canji ba.

Abu ɗaya ne ban yi ba, ban faɗa wa Baba ba. Kunya ce ta kama ni. Mutumin nan 'yata yake ce mini. Da babanmu ya rasu, har gida ya zo gaisuwa, ya zauna a ƙarƙashin rumfa tare da dattawan coci har la'asar. Da wane baki zan ce masa na sami wanda ya fi shi araha? Na ce shirun da na yi zai isar da saƙo. A wancan satin ma ta bayan mai wankin mota nake zagayawa don kada mu haɗu.

Mai sola ya zo a kan lokaci. Ya ce, "Madam, tsohon layin fa?"

Na ce, "An cire."

Ya ɗora abin gwajinsa a kan waya, bai kawo haske ba. Ina zai kawo, tunda Baba yakan kashe injin in zai tafi sallar Juma'a? Ya ce ya kamata a sa makunnin da ke raba layi biyu. Na ce a bari sai bayan biki. Ya haɗa, firiza suka ɗauka, na yi rawa a tsakiyar shago. Maƙwabciyata mai ɗinki, wata 'yar Filato da muke ce wa Mama, ta leƙo ta ce, "Ke, amaryar ce ko ƙanwar amarya? Ki rage mana ƙafa na gobe."

Awa ɗaya da rabi bayan haka Baba ya dawo daga masallaci ya tayar da injinsa, wayarsa kuwa tana nan a shagona ba a cire ba.

Da abin ya fizge ni, ban san lokacin da na haye bencin katako ba. Ƙasa duk ruwan ƙanƙara ne, ga ni ba takalmi. Akwatin wutar da ke jikin ƙofa yana hayaƙi yana tartsatsi, ƙofar kuma ta ƙarfe ce. Na ƙwalla ihu, "Mama! Wuta! Zan mutu!"

Ta fito da almakashi a hannu, tana ganin ruwan ta daka mini tsawa. "Kada ki sauko! Kada ki taɓa komai! Ki tsaya nan kamar an dasa ki!"

Kafin ka ce me, layi ya cika. Mai aski ya rugo da bokitin ruwa zai watsa, Mama ta tare shi da ƙirji. "Ruwa a kan lantarki? Kai, so kake ka dafa mana ita?"

Sai ga Baba da gudu, babbar rigar Juma'a a kafaɗa, takalmi ƙafa ɗaya. Ya leƙa, ya juya, ya koma ya kashe injin. Ƙarar ta ɗauke, amma fitila ba ta mutu ba, akwatin kuma bai daina hayaƙi ba. Ya dawo yana haki ya ce, "Injina a kashe yake. To wannan wutar daga ina?"

Maganar da na kasa faɗa masa mu biyu, yau sai na faɗe ta a kan benci, ina kuka, a gaban mutum ya fi ashirin.

"Baba, na koma sola."

"Tun yaushe?"

"Ɗazu."

Mai aski ya fashe da dariya, Mama ta maka masa duka a baya. Baba ya karɓi wayar Mama ya kira mai sola, don akwatin kashe wutarsu a kulle yake, makulli yana hannunsa, shi kuma har ya kai Unguwar Mu'azu. Mai solar ya ce yana zuwa.

Jiran nan shi ne mafi tsawo a rayuwata. Bencin yana motsi, ina kallon ruwa yana kewaye ƙafafunsa. Baba ya jawo kujerar roba ya zauna daga waje, daidai inda zan gan shi. Ya ce, "Ni za ki kalla, ba ƙasa ba."

Na ce, "Baba, me ya sa ba ka cire ba? Ai yau ce ranar."

"Na ɗauko filaya da safe, sai na tuna katin bikin da kika ba ni. Na ce yaya zan yanke wa 'yata wuta ana gobe biki? Na bar miki kwana uku kyauta, in an watse mu yi magana."

Kukana ya ƙaru. Na ce, "Kunyarka na ji."

"Kunyar me? Ni kaina sola ce a gidana tun bara. Kina tsammanin matata Hajiya za ta yarda in kai mata wannan hayaƙin?"

Layin gaba ɗaya ya ɗauki dariya, ni ma ina kuka ina dariya, majina har baki. Mama ta ce, "Ku dube ta. Injiniya!"

Mai sola ya iso a keke, ya hau rufi ya kashe wutarsu. Fitila ta mutu. Baba ya ɗauko filayarsa ya cire wayarsa da hannunsa a gaban kowa, ya naɗe ta a gwiwar hannu. Su biyun suka bi ƙofa da jikin firiza da abin gwaji, sau biyu, ɗaya bai yarda da gwajin ɗaya ba. Waya ce ta narke ta manne da ƙarfen ƙofa. Firiza ɗaya ta ƙone, ɗayar ta tsira, mai kifin da ke ƙarshen layi ya ce a kwaso sauran kayan a zuba a tasa.

A kan bencin nan na gane inda lissafina ya karye. Rana na ƙirga daidai, awa ma daidai, amma ban sa mutum a ciki ba. In za ka bar mai ba ka wuta, ka je ka faɗa masa da bakinka, ka tsaya ka ga an cire tsohuwar waya kafin a haɗa sabuwa. Shiru ba ya cire waya.

Ƙarfe uku da kwata Baba ya taka cikin ruwan da ƙafarsa marar takalmi, ya tsaya, ya miƙo mini hannu. Ya ce, "Kin gani? Ba komai. Sauko, 'yata, kin tsira."

Na kasa saukowa. Sai da Mama ta shigo ta goya ni kamar jaririya, ta fito da ni ana tafi.