Ragowar Akushin Baba

Shekarun baya da nisa, zamanin da sojoji ke riƙe da ƙasa, aka yi farin nan da har yau tsofaffin Maraɗi ke rage murya in za su ambace shi. Ina yarinya a lokacin, muna zaune a Sabon Gari.

Mahaifina tsohon soja ne. Faransa ta ɗauke shi yana saurayi ta kai shi yaƙi bayan teku, ya dawo da tabo a kafaɗa da yawan shiru. A unguwa, Sarjan ake ce masa. Ba ya ba mu labarin yaƙi. Abin da ya rage masa na soja shi ne tafiya a miƙe, da wata faffaɗar ɗamarar fata da yake ɗaurawa ƙarƙashin riga.

A gidanmu Baba shi kaɗai yake ci a zaure, abin da ya rage a akushi na yara ne. Ni ce mai ɗauko akushin, ni kuwa Allah Ya yi ni da son ciki, ba a taɓa kirana sau biyu ba.

Da damina ta ƙi, gonarmu ta Tsibiri ko dami na kirki ba ta ba da ba. Dangi na can suka kwaso yara suka sauka wurinmu, Baba bai mayar da kowa ba. Tuwo ya koma sau ɗaya a rana, na jar dawar taimako da sojoji ke rabawa. Malmala ta ƙanƙance a kowane kwano, amma ragowar Baba sai ƙaruwa take. Yakan gutsiri kaɗan, ya wanke hannu, ya ce, "Kira ƙannenki, ku cinye nan." Mu suɗe akushi tas, in kai wa mahaifiyata. Ni da wautata har murna nake, ina cewa jar dawa ce ba ta yi masa daɗi.

Haka yake hawa keke kullum da safe zuwa Jiratawa, ƙwadago a gonakin rani. Wata rana aka kawo shi kwance a amalanke, kekensa a gefe. Faɗuwa ya yi a bakin hanya. Inna ta ɗage masa riga don ya sha iska, sai ga ɗamarar nan. Ya huda mata sababbin ramuka da ƙusa, a jere, sun wuce na asali da nisa. Inna ta daɗe tana kallonsu, sannan ta juyo gare ni.

"Ke, akushin Babanku, wa ka cinye shi?"

Na faɗa mata. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ya farfaɗo ta durƙusa kusa da shi ta ce, "Malam, kashe kanka za ka yi? In ka hwaɗi, wa zai riƙa muna ɗiyan ga?"

Ya ce, "Inda na yi yaƙi, babba ba shi ci sai na ƙasa da shi sun ci. Ɗiyan mutane sun mutu hannuna can, ina kallo. Ba ni son in ga na gidana."

Wannan ne kaɗai labarin yaƙin da muka taɓa ji daga bakinsa.

Daga ranar Inna ta ajiye kunya, takan zauna a ƙofar zaure sai ta ga ya ci. Suka daidaita a kan rabi. Ruwa ya dawo, hatsi ya dawo, kuma ba a fitar da gawar yaro ko ɗaya daga gidanmu ba a shekarar nan.

Baba ya yi tsawon rai, amma bai sake cinye akushi ba. A ciwonsa na ajali ina ba shi kunu, ni ma furfura ta fara fito mini, ya sha rabi ya ture kofin ya ce, "Kai ma yara." Babu yaro a ɗakin. Na juya baya na shanye ina kuka.

Mutane na tuna shi da soja, ni kuwa da yunwar da ya ɗauka a madadinmu nake tuna shi. Ɗamarar tana wurina. Kwanaki na gwada ta a jikin jikana ɗan makaranta, ramin ƙarshe ne ya yi masa daidai. Allah Ya jiƙan Baba, Ya ciyar da shi a Aljanna har ya ƙoshi.