Sunan da Yaya Batulu Ba Ta Faɗa

Ni dai tun farko na ce kada a yi tafiyar nan. Na faɗa a waya, na hau jirgin ƙasa daga Birmingham har Manchester na sake faɗa a gaban idonta. Amma Yaya Batulu in ta ƙudura abu, sai dai ka yi ta surutunka ita tana ninke kaya.

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ta riƙe ni kafin na yi aure na koma unguwar Sparkhill a Birmingham. A Nguru aka ɗaura mata aure da Yaya Maharazu. Ya samu scholarship ya zo karatun injiniyan ruwa, ta biyo shi, suka fara zama a wani flat mai danshi a Hulme, cikin Manchester, daga baya suka samu gida a Levenshulme. Ita kuma ta kama aiki a kicin ɗin wata makarantar firamare, tana zuba wa yara dankali da wake har gwiwoyinta suka gaji.

Abin da kowa ya san ta da shi, ba ta faɗin sunan mijinta. Sama da shekara talatin a Ingila, ko da wasa bai taɓa fita daga bakinta ba. "Injiniya" take ce masa. In an tambaye ta sunansa a wajen GP, wato likitan unguwa, sai ta sunkuyar da kai ta miƙa katinsa. Akwai wani ɗalibi ɗan Gashuwa mai wannan suna da yake zuwa cin tuwo ranar Lahadi, shi ma "mai sunan Malam" ya zama har ya gama uni. Autarsu Shifa takan ce, "Mum, it's just a name!" Sai Yaya ta ce, "A wajenki ba."

Sai mantuwa ta kama Yaya Maharazu. Da makulli ta fara, sannan hanyar masallaci. Wata rana na zo, ya tashi ya yi mini sannu da zuwa irin ta baƙi, ya tambayi daga ina. Ni da yake tsokanata tun ina 'yar firamare! Na shiga banɗaki na yi kukana. Bayan ni sai Shifa. Mutum ɗaya ta rage masa a duniya. In Yaya ta ce, "Injiniya," zai waiwayo ya ce, "Na'am, Batulu." Da wannan amsar take rayuwa, kuma GP ya riga ya gaya mata amsar ma ba za ta daɗe ba.

Kullum yana maƙale da hitar ɗumama ɗaki cikin rigar sanyi, yana tambaya, "Wai yaushe bazara za ta shigo ne?" Zuwa Nguru ba ya yiwuwa, don sun gwada, ya firgice tun a filin jirgi. Mota ce kawai take kwantar masa da hankali. Sai Yaya ta tuna da wani tanti da ya saya tun yana da lafiya, yana cewa in ya yi ritaya zai kai ta kudancin Spain ta ji rana irin ta gida, su shimfiɗa tabarma a waje kamar farkon aurensu. Ta ce ita za ta tuƙa shi ta kai shi can.

Na ce, "Haba Yaya! Ke da ko tuƙi a motorway ba kya so? Da mara lafiya? A watan Yuli?"

Ta ce, "Raki, sanyin nan ne yake cinye shi. Bari in kai shi ya ji rana tun yana gane ni."

Ta cusa garin tuwo da kuka da daddawa a but ɗin mota, da ɗan risho mai gas, da buta, da tabarma. Jirgin ruwa ya sauke su a arewacin Spain, ta kama hanyar kudu tana tuƙi a hannun da ba ta saba ba, tana ta salati a kowane shataletale. Kullum da yamma sai ta aiko mini da voice note, ina saurara raina a ɓace.

Da suka wuce garin Córdoba, muryarta ta canja. Ƙasa ja, ciyawa ta bushe, iska tana dukan fuska kamar an buɗe tanda. Suka kafa tanti a wani sansanin matafiya cikin gonar zaitun. Ta ce da kansa ya cire rigar sanyin nan. Ya karɓi guduma ya buga turakun tantin, har yana yi mata faɗa wai ba ta ja igiya da kyau ba. Ya ci tuwo malmala biyu. Ya nuna zaitun ya ce aduwa ce, ta ce ƙwarai aduwa ce, suka yi dariya. "Raki, wallahi ya dawo," in ji ta. Na ji kunyar bakina, na ce Allah ya ƙara sauƙi.

Ashe komawar ba a kanta za ta tsaya ba. Hirarsa ta bar zancen aurensu ta gangara can baya, tashar jirgin Nguru, malamin allonsu, wata jar akuya ta mahaifiyarsa. Yaya ta lura, amma tun da yana cewa "Na'am, Batulu," sai ta bar shi.

Ranar da abin ya faru, sun yi azahar, zafi ya kai inda mutanen wurin duk sun shige inuwa sun kwanta. Gajiyar tuƙi ta kayar da ita a kan tabarma. Da ta farka, ba shi, ba takalmansa. Ga hularsa, ga gorar ruwansa a ajiye.

Ta faɗa cikin gonar ko mayafi babu. Layin zaitun kuwa duk iri ɗaya ne, ko ta ina ka duba. Tana ta "Injiniya! Injiniya!" har tsohuwar da ke da wurin ta fito da mijinta. Suka tambaye ta sunansa don su taya ta kira. Kun san me ta yi? A cikin wannan tashin hankali, waya ta ciro ta rubuta musu. Suka gwada, harshensu ya kasa, abin da suke kira ko ni ba zan amsa ba.

Can ta hango shi. Ya tsallake wani busasshen rafi yana hawa gangaren babban titi, inda manyan motoci suke wucewa a guje. Tsakaninsu da nisa, ga gwiwoyinta. Ta ce "Injiniya!" bai juyo ba. Ta ce "Baban Shifa!" Ta ce "Malam!" Ko gezau. Ya riga ya ɗora hannu a kan ƙarfen bakin titi.

Sai ta buɗe baki ta kira shi da sunan da aka raɗa masa.

Ya tsaya cak. Ya juyo, fuskar nan tasa duk murmushi, ya ɗaga hannu ya ce, "Na'am, Inna! Ina zuwa, akuyar ce ta ɓace."

Ya sauko da kansa ya kama hannunta. An ƙara masa ruwa a wani asibiti, ta naɗe tantin ta tuƙo su gida. Voice note bai sake zuwa ba, sai a Levenshulme na ji labarin.

Tun daga ranar bai ƙara cewa Batulu ba. Inna yake ce mata, kuma ba ya amsa Injiniya, bai san wane ne ba. In tana so ya ci abinci ko ya sha magani, dole sai da sunan. Ina zuwa duk ƙarshen mako, kuma har yau in za ta kira shi sai ta ɗan tsaya ta kalli ƙasa tukuna.

Ran nan a kicin baƙin ciki ya ci ni, bakina kuma ba ya shiru. Na ce, "Da kin ji maganata, da wataƙila har yanzu yana gane ki."

Ba ta yi fushi ba, ni da na so ta yi. Ta ce, "Wataƙila. Amma ya ji rana, Raki, ya yi dariya. Ba wannan ne yake damuna ba." Ta goge hannunta a zani. "Tun ina amarya nake adana sunan nan. Nakan ce wata rana in mun tsufa, mu biyu kaɗai, zan faɗa masa sau ɗaya in ga yadda zai yi. To na faɗa. Wata ya amsa wa."

Ta ɗauki tiren abincinsa ta nufi falo, na ji ta tsaya a bakin ƙofa.