Irin waken Malam a Agege

Ana sallame sallar asuba muka bar gida, ni da 'yar ƙanwata da aka haɗa ni da ita don ta kula da ni a hanya. Tun da na fita takabar Malam ban taka ko bakin kasuwa ba, sai ga ni zan tafi Ikko. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Jikata ce ke riƙe da waya tana rubuta abin da nake faɗi, domin 'yan uwa da matan unguwa sun dame ni da tambayar yadda na baro mutanen can. To ga shi, kowa ya ji sau ɗaya, don duk maimaitawar da na yi sai na yi kuka.

Matar ɗan farina ce ta haihu a Agege, namiji, aka ce za a mayar masa da sunan Malam. Na haɗa tsaraba irin tamu, kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da ɗan man shanu. A ƙasan buhun kuma na sa wani ƙulli wanda ba tsaraba ba ne. Irin waken Malam ne, fari mai jan hanci, wanda ya gada daga mahaifinsa, kuma duk garinmu babu mai shi sai mu. A kakar da ta wuce shi ya zaɓe shi da kansa, yana zaune a tabarma numfashi na yi masa wuya, yana ware manya yana ture ƙanana. Ya cuɗa shi da toka don kada ƙwari su ci, ya ɗaure bakin. Aikin ƙarshe ke nan da hannunsa ya yi. Na ƙi barinsa a ɗaki saboda ɓera da ɓarnar yara. Niyyata in raba shi biyu, rabi in bar wa yaron ya shuka a garkar da muka bari a Agege, rabi in dawo da shi kafin ruwan farko.

A tashar Kano da aka faɗi kuɗin mota na ɗauka namu duka ne har da direba. Ashe na mutum ɗaya ne. Da irin wannan kuɗin Malam ya taɓa sayen maraƙi har ya yi mini zane. Motar kuwa doguwa ce kamar zaure, ga sanyi na hurowa daga sama, mu da muka baro bazara kaji na haki a gindin randa. Na lulluɓa da mayafi biyu. Mun wuce Zariya, mun wuce Kaduna, shingen jami'ai kuwa na daina ƙirgawa. Inda aka tsaya cin abinci aka zubo mini shinkafar da ko jikata ba za ta ƙoshi da ita ba, da nama ɗaya kamar ƙwallon dabino. Na mayar, na kwance ƙullin zogale da ƙuli na ci abina, har wata mata da ke kusa da ni ta sa hannu.

Da gari ya waye mun riga mun haye gadar Jebba. Na leƙa taga na ga duniya kore shar, masara har ta kai gwiwa. Na manta ashe su ruwansu yana riga namu sauka da nisa. Daga Badun kuwa ban ƙara ganin inda gari ya ƙare wani ya fara ba.

A Iyana Ipaja muka sauka. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka ba tare da an ce sallar idi ake yi ba, kuma kowa gudu yake kamar an biyo shi. Motocin nan masu ruwan ɗorawa da suke kira danfo, yaran motar na lilo a ƙofa suna ihun sunan unguwanni, ban kama ko ɗaya ba. Yaron nawa ya zo tarbarmu. Ya durƙusa a cikin taɓo ya gaishe ni, na amsa ina kallon gefe. Ku da kuka san mu kun san ba na kama sunansa, kuma tun yana ƙarami ban taɓa zama na yi doguwar hira da shi ba. Ɗan fari ne. Abin da duk nake so ya ji, Malam nake gaya wa, shi ya isar. Ban lura ba sai a tafiyar nan, ashe da Malam ya tafi ya tafi da bakin da nake yi wa ɗana magana da shi.

Agege ɗin da na sani ba ita na tarar ba. An kawo ni nan ina amarya, lokacin Malam yana wa fataken goro ɗaurin huhu. Ɗaki ɗaya muke da shi kusa da hanyar jirgi, bayansa fili ne har inda ido ya tsaya. Nan ya kewaye garka da kara, ya shuka wake da kuɓewa da yakuwa. Da yamma in ya dawo, hannunsa duk ja da goro, sai ya tuɓe riga ya shiga garkar, ni ina zaune a kan turmi ina yi masa tsiyar cewa ya fi kula da wake a kaina. Ya ce ai wake ba ya mayar masa da magana. Yanzu an ɗora wata gada a saman garin, motoci na wucewa ta kan mutane, an katange hanyar jirgi. Abu ɗaya na gane, ƙanshin ganyen goro da muka ratsa ta kasuwa. Nan hawaye suka zubo mini, mai adaidaita-sahun da ya ɗauko mu ya yi ta kallona ta madubi.

Gidan da yaron yake haya bene ne, tsakar gidan duk siminti, ko inda kaza za ta yi tono babu. Aka miƙo mini jariri, na ce, “Kai maigida, haka ake yi? Ka bar ni da takaba ka gudo Ikko ka sake sabuwar fata?” Mata suka yi ta dariya, ni ma na yi, ina share ido. Yayar mai jego, wadda ita ke riƙe da hidimar gidan, haifaffiyar nan ce. Hausarta rabi Yarbanci rabi Turanci, sai na kasa kunne sosai nake tsintar tawa a ciki. Ta karɓi buhun tsaraba ta shige da shi ɗakin girki. Na buɗe baki zan ce akwai ajiyata a ƙasa, sai na ga yaron tsaye a ƙofa. Maganar ta shafi ubansa kuma ta shafe shi, ga mutane. Na ce a raina bari a gama suna, sai in gaya wa matarsa ta gaya masa.

Washegari na sa 'yar ƙanwata ta ce masa ina son ganin tsohon gidanmu. Ya ce to. Muka je. Ya tsaya gaban wani dogon gini, ƙasansa shagunan waya da na gyaran gashi, janareto na ta ruri, ya ce, “Inna, nan ne.” Na duba hagu na duba dama. Inda garkar take, nan aka yi kwatar da ruwan wanki ke bi. Ashe ya fi shekara ashirin da ginewa, su Malam sun sani, suka ɓoye mini. Na ce a raina, to, irin duka zai koma gida, wataƙila haka ya fi.

Ranar suna an yi abin arziki. Da yake yaron a Oko-Oba yake sana'ar fata, abokan aikinsa na mayanka sun cika layin, rago kuwa sai da mutum biyu suka riƙe shi. Da liman ya faɗi sunan na ji kamar an kira Malam daga zaure zai amsa. Da rana aka yi ta fito da abinci. Akwai wata maƙwabciyarsu Bayarbiya da kowa ke kira Iya, ita ta yi alale a cikin ganye. Na ci ɗaya na nemi ƙari, ni da rabona da cin abin kirki tun rasuwar. Har na ce wa matan da ke kusa da ni, wannan alale kamar a gida aka yi shi.

Bayan la'asar da mutane suka ragu na shiga ɗakin girki neman ƙullina. Ga kuka, ga daddawa, babu shi. Na ga tsumman da Malam ya ɗaure shi da shi an wanke an shanya a kan igiya. Na tambayi yayar mai jego. Ta ce, “Au, waken nan mai datti? Mama, mun sha wahalarsa fa, duk toka. Sai da Iya ta tankaɗe shi kafin mu haɗa da na kasuwa. Amma ya yi daɗi, ko? Na ga kin ƙara.”

Na zauna a ƙasa a wurin. Ban yi ihu ba. Na dai ji bakina yana cewa, “Iri ne. Na Malam ne. Shi ke nan babu wani.” 'Yar ƙanwata ce ta yi musu bayani. Yayar mai jego ta dafe kai ta durƙusa tana ta ba ni haƙuri da harsuna uku. Ba laifinta ba ne. Ita wake a buhu ta san shi, ba ta taɓa ganin an ajiye na shuka ba, kuma duk abin da baƙuwa ta kawo ranar biki ai na tukunya ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai, da bakina na ci, har na yaba.

Kwanakin da suka biyo ban san yadda suka wuce ba. Ruwa ake yi kullum, ni ina ɗaki. An kai ni ganin teku ko zan sake, na ga ruwa ne mai yawa, na ce a mayar da ni. Yaron kan zo ƙofa ya gaishe ni ya daɗe a tsugune, sannan ya tashi ya tafi.

Ana jibi za mu taho, da hantsi, Iya ta shigo ta kama hannuna tana magana da Yarbanci tana ja na. Na bi ta bayan ɗakinta. Tana da wani tsohon baho da ya fashe, ta cika shi da ƙasa ta shuka ɗoɗɗoya da barkono. Ashe nan ta juye tokar da ta tankaɗe, don ta san toka na gyara ƙasa. A cikin tokar wake ya tsiro, bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kowanne ya buɗe ganye biyu. Na kasuwa bai taɓa shiga toka ba, saboda haka babu shakka na Malam ne. Na durƙusa a gaban bahon ina kuka, Iya na bubbuga bayana.

Na so in tumɓuke in taho da su. Amma ga tafiyar kwana a mota, ga gida ko hadari bai fara haɗuwa ba, kafin Jebba sun mutu. Dole su zauna a Ikko, a hannun mutanen da ba su taɓa riƙe fartanya ba. Na aika a kira mini yaron. Da ya zo na dubi fuskarsa, abin da ban taɓa yi a gaban mutane ba, na ce, “Zauna nan kusa da ni.” Na nuna masa yadda zai kafa musu sanda, da yadda zai janye bahon ƙarƙashin rumfa in ruwa ya yi yawa don kada saiwar ta ruɓe. Na ce kada ya ga ganye ya yi yawa ya ɗauka ya lalace, waken ubansa ba ya fure da wuri. In ya yi 'ya'ya kada kowa ya taɓa sai kwanson ya bushe yana ƙara. Yana ta cewa, “To, Inna. To, Inna.” Can ya ce, “Ni ma Baba ya koya mini ware iri ina yaro, ban manta ba.” Ban san da wannan ba. Muka zauna a gaban bahon nan har aka kira azahar, yana ba ni labarin ubansa, ina ba shi.

Mun dawo lafiya, sai kumburin ƙafa. Ba a jima ba ruwan farko ya sauka a garinmu, kowa ya fita da irinsa. Maƙwabta sun kawo mini nasu, na gode musu, na shuka kuɓewa da yakuwa, amma gefen garkar da Malam ke sa wakensa na bar shi haka nan.

Masu tambaya me na gano a Ikko, na ga gada a sama, na ga teku, na ga tsada. Abin da na koyo kuwa, maganar da ta kamata a faɗa a faɗe ta tun tana da amfani, ko da a gaban ɗan fari ne. Shirun da na yi don kunya shi ya kai irin Malam tukunya. Yanzu kullum da safe sai na sa jikata ta kira mini yaron, ni da kaina nake karɓar wayar. Cikin waken ɗaya ya mutu, sauran sun kama sanda. Har yau ba su yi fure ba. Duk wanda ya karanta wannan ya sa Malam a addu'a, Allah Ya kai haske kabarinsa, ya kuma roƙa mini Allah Ya raya abin da ke cikin bahon nan.