Yadda Kaka Ta Gano Ɓarakar Shingenta

A Bukuru sanyi ba ya jiran dare ya yi nisa. Da an gama tuwon acca sai Kaka ta ƙara itace a murhu, mu jikokinta shida mu matso har hayaƙi ya sa mu hawaye. A shekarar da nake magana, akuyoyin maƙwabta sun addabi lambunta na kabeji. Ta zagaye shingen ƙayar nan ba adadi, ba ta ga ta inda suke shiga ba. Mu mun sani, don mu muka huda shi saboda gwaiba, amma ko duka za a yi ba mai faɗa.

"Ku matso, ga wata nan tafe," in ji ta wani dare. Labarin wani wada ne da ke zaune a ƙasan kududdufin kuza. Turawan haƙa sun tafi sun bar masa buhun alewa, shi kuma yana fitowa ya ɓoye ta a lambun mutane. Sharaɗinsa ɗaya: wanda ya bi ta ƙofa ba zai ga komai ba.

"Kaka, lambun wa?" in ji Ladi, 'yar baffana.

"Ke kin cika tambaya kamar ɗan sanda. Ni na aike shi?"

Washegari muka tarar da ƙananan sawu a kan toka, sun nufi shinge. Kowa ya ruga ta hanyar da ya daɗe yana ɓoyewa, kuma alewa mun same ta, ƙarƙashin ganyen kabeji. Kaka tana kan dutse tana tsince wake, ido ɗaya a kanmu. Kafin la'asar an toshe ɓaraka huɗu. Kabejinta ya kai kasuwar Farin Gada lafiya.

Yanzu tsaron kwamfuta ne aikina. Bara aka kawo mana wani ƙwararre, da kwat da majigi, wai ya zo da sabuwar dabara: a ƙirƙiri labari, a watsa alamunsa cikin saƙonni da fayilolin ofis na gaske, ma'aikata su bi, a ga ta inda ɓarawo zai iya kutsawa. Sai ya fara da takardar sanarwa, da rajistar suna, da jawabin buɗe taro. Kowa ya bi ƙa'ida cikin ladabi, ya dawo ya ce, "Oga, mun gama." Rahoto ya fito, ba ɓaraka ko ɗaya. Aka tafa.

Ni da na san mutum uku masu kalmar sirri liƙe a ƙasan tebur, ban tafa ba. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba ta san cewa mutum ba ya nuna ɓarauniyar hanyarsa don an roƙe shi, sai kwaɗayi ya mantar da shi cewa ana kallonsa. Da ƙwararren ya nemi ra'ayina, na ce masa rahoton ya yi kyau ƙwarai, musamman bangonsa.