Bidiyon Bikin da Ya Kai Ɗana Jami'a

Shekarun baya kaɗan, lokacin da korona ta kulle mu a nan Doha, na yi wani aiki da har yau in aka tuna shi a gidana sai an yi dariya har da riƙe ciki. Bari in ba ku labarin, tunda yanzu dariyar ta daina yi mini ciwo.

Babban ɗana besbol yake bugawa. Eh, wasan nan na Amurkawa, wani ya jefo 'yar ƙwallo kamar lemon zaƙi, wani ya make ta da sanda. A sakandare ya koya wurin yaran Filifin da na Amurka, kuma shi ne mai jifa. Ni mutumin ƙwallon ƙafa ne, shi ya sa na daɗe ina ganin abin shiririta ce. Nakan ce masa, “Duk wasannin duniya ka rasa na yi sai jifa? Ai a garinmu kyauta muke yi wa mangwaro.” Sai ya yi murmushi ya ɗauki safar hannunsa ya fita.

Mun yi yarjejeniya da shi. In wata jami'a ta ɗauke shi saboda wasan kafin ya gama sakandare, na sa albarka. In ba haka ba, zai koma Najeriya ya yi karatun injiniya kamar ubansa, a rataye safar hannu. Ya yarda, domin akwai gasar makarantu da masu farautar 'yan wasa ke zuwa kallo. Sai korona ta zo, aka soke gasar, aka rufe filin. Yaron nan ya jingina tsohuwar katifa da bango a bayan gidanmu a unguwar Bin Omran, ya koma jifanta safe da yamma. Ina jin ƙarar daga falo, tim, tim. Da farko haushi take ba ni, daga baya ta koma ba ni tausayi.

Da aka sassauta kulle, kocin makarantarsu ya ce hanya ɗaya ta rage: a ɗauki bidiyon yaro yana jifa, a tura wa kociyoyin jami'o'i. Har adireshinsu ya ba ni. Nan take na tuna da abokina da ke gyaran wayarin mota a Sanaiya, unguwar garejoji da masana'antu. Kafin ya zo Qatar, babu bikin da ake yi a unguwarsu a Kano ba a kira shi ɗaukar bidiyo ba.

“Khalas, magana ta ƙare, Alhaji, ka bar mini,” in ji shi. “Wallahi sai sun yi rububinsa.”

Muka ɗauki jifan a wani fili bayan garejinsu. Washegari kuma ya zo gida, ya sa yaro ya saka babbar riga, ya zaunar da ni da mahaifiyarsa a kan kujera. Yaro ya ce, “Kawu, wannan kuma na mene ne?” Ya ce, “Kai dai gyara hularka.”

Da ya kawo aikin na kalla, har ƙwalla na yi. Furanni na zubowa daga sama, sunan yaro na juyawa da ruwan zinare, kalangu na tashi. Ga mu nan iyaye muna ɗaga hannu. Sai can tsakiya jifan ya fara, kuma duk jifa ɗaya sai an maimaita shi a hankali, an ɗora masa guɗar da abokina ya ciro daga wani tsohon biki. Na ce wannan ai ba ya bukatar shawarar kowa. Na tura wa kociyoyin nan kaf.

Da yamma na nuna wa ɗana a wayata ina jiran godiya. Ya kalla, fuskarsa ta canza.

“Abba, ka riga ka tura?”

“Tun safe.”

“Ɗan gajere suke so, Abba. Daga baya da daga gefe, babu kiɗa, babu komai. Hannuna kawai suke son gani.”

Mahaifiyarsa ta karɓi wayar ta duba, ta ce, “Abban yara, ashe kun aurar mini da ɗa ba ku gaya mini ba.” Ƙannensa suka kwashe da dariya, shi kuwa ya shige ɗaki. Daga ranar na daina jin ƙarar katifa, kuma shirun nan ya fi komai ci mini rai.

Watanni suka wuce babu amsa. Ya shiga ajin ƙarshe, ni kuma na fara tambayar jami'o'in gida a ɓoye. Kwatsam sai ga saƙo daga kocin wata ƙaramar jami'a a Amurka. Ya ce bidiyoyin da ake turo masa duk iri ɗaya ne, amma namu sai da ya kira matarsa suka kalla tare. Ya ce ya yi dariya sosai, amma saboda maimaicin nan ya ga yadda hannun yaron ke fita, yana son a turo masa wani marar furanni. Muka tura. Sai ya ce zai zo Doha kallon ƙasarsu a gasar cin kofin duniya, yana so ya ga yaron da idonsa.

Da ya iso Doha, wata safiya muka haɗu da shi a filin makarantar, gari cike da tutoci da baƙi. Dogon mutum ne mai furfura. Shi da kansa ya sa safar hannu ya tsuguna. Abokina ma ya zo, amma yaro ya rantse in ya fito da kyamara ba zai yi jifa ba.

Jifan farko ya wuce saman kan mutumin ya daki wayar shingen filin. Na biyu ya faɗi ƙasa kafin ya isa. Kafaɗun yaron sun sandare, yana ta share hannu a wando.

Mutumin ya miƙe, ya juyo wajenmu ya ce da Turanci, “Ina kukan nan na cikin bidiyo? Kamar sai da shi yake jifa.”

Matata mace ce mai kunya, ko a biki a baya take zama. Sai kawai na ga ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, ayyiririii, har masu ban ruwa a filin suka tsaya. Yaro ya dafa gwiwa yana dariya. Da ya ɗago, kafaɗunsa sun saki.

“Yalla, maza, ɗana!” na ce, ban san na faɗa ba.

Ya jefa. Tas! a tsakiyar safar. Ya sake, tas! Mutumin ya matsar da hannu hagu, ƙwallo ta bi shi, ya yi ƙasa, ta bi shi. Can ya cire safar yana yarfa hannu, tafinsa ya yi ja. Ya zo ya riƙe hannuna ya ce, “Wannan nawa ne.” Kafin yaro ya gama jarrabawa gurbinsa ya fito, har da tallafin karatu. Ranar da muka raka shi filin jirgin Hamad, shi da bakinsa ya ce wa abokina, “Kawu, fito da kyamarar, kuma ka sa furannin.”

Abin da na koya shi ne in riƙa tambaya kafin in tura abu, wannan kam matata ba ta bari in manta. Amma in faɗa muku gaskiya, abin da ya fi zama a raina shi ne na daɗe ina yi wa yaron nan dariya yana jifan katifa, ban taɓa fita na tsaya na kalle shi ba sai da wani ya taso daga wata duniya. Yau ni ne nake tare mutanen Sanaiya ina koya musu dokokin besbol ko ba su tambaya ba.

A can Amurka al'adarsu kowane ɗan wasa yana zaɓar kiɗan da za a sa masa a lasifika in zai shiga fili. Ran nan muna kallon wasansa a waya aka kira sunansa. Ina jiran in ji waƙar Turawa, sai filin nan gaba ɗaya ya ɗauki guɗar mahaifiyarsa. Ashe ranar nan a filin makaranta abokina ya naɗe ta a wayarsa a ɓoye, ya ba yaron. Ta rufe fuska da mayafi tana cewa, “Innalillahi, yaron nan ya tona mini asiri.” Ni kuwa na miƙe tsaye a falo ina tafi.