Ruwan da Aka Binne a Gindin Darbejiya

Shekara ashirin da ɗoriya ina yin kisra, siririyar wainar dawa, a unguwar Mayo. Duk aikin na hannun dama ne. Ki zuba ƙullu a kan doka mai zafi, wato faifan ƙarfen suya, ki share shi da ɗan guntun kaba sau ɗaya, ki ɗaga. In hannu ya yi nauyi, kisra ta yi kauri, mai kauri kuwa ba a saye. Don haka da likita a Omdurman ya ce ciwon daji ne, za a cire nonon dama har da kaluluwar hammata, nonon bai dame ni ba. Ya shayar da biyar, ya gama aikinsa. Hannun na tambaya.

Ya ce in na kiyaye mikin aikin, hannu zai yi aiki.

Mijina ya rasu kafin nan, amma yayarsa ba ta rasu ba. Ita ta ɗauko buhun kayanta daga Hillat Kuku ta zo jinya, ba wanda ya kira ta. Tun ranar da aka kawo ni gidan ƙaninta ba ta ga abin da na yi daidai ba. Ina ce mata Yaya saboda haka ake cewa.

Na farka daga aiki da siririyar roba a haƙarƙarina, ta sauka cikin wata gora. Ruwa yana ɗiga, ja-ja da farko, daga baya kamar shayin da bai ji ganye ba. Sistar ɗakinmu doguwa ce mai tsage a kumatu, ba ta dariya. Ta ce kafin a ɗinke ni an wanke ramin hammatar da ruwan magani mai kashe ƙwayoyin cuta, saura kada in kai masa datti. Ta ce kullum da safe in rubuta inda ruwa ya kai, sannan in zubar. Na ce ban iya rubutu ba. Ta manna filasta a jikin gorar daga sama har ƙasa, ta ba ni biro, ta ce layi dai na iya ja. In layi ya sauka ƙasa kwana biyu a jere, za a cire roba. Ta koya mini yadda ake buɗewa da hannu wankakke, a matse gorar, a rufe. Sau ɗaya a rana, ni kaɗai.

A hanyar gida, a bakin gada, sojoji suka tsayar da mota. Wani ya ga tudu a ƙarƙashin tobin da na lulluɓa da shi ya ce in buɗe. Na buɗe. Ya kalli gorar, ya tofar da yawu, ya sauka. Yaya ta ce na kunyata dangi kaf a gaban maza.

Safiyar farko na ja layina, na zuba ruwan a masai. Faɗa ya tashi. Yaya ta ce abin da ya fita daga jikin ɗan Adam binne shi ake yi, kamar mabiyya, kamar gashi, kamar farce. Kakanninmu da suka taho da ƙafa daga yamma ba su bar ko ɗigon jini a hanya ba. Ta ce mata za su zo dubiya bayan la'asar, cikinsu har da masu kisra irina, kuma ido in ya sauka a kan ruwan ciwo, ciwon ba ya kafewa. Na ce gorata ce. Ta ɗauki buta ta fita. Da na san ta sosai, da saurin haƙurarta ya ba ni tsoro.

Ƙwayoyin da nake sha suna kayar da ni bayan azahar kamar gawa. Sai in tashi in tarar da tsakar gida cike da mata, ana shan kofi, ana ba ni labarin waɗanda wannan ciwo ya kashe. Wata ta kawo lemo ta zauna ta shanye.

Kwana na uku layi ya faɗi. Na huɗu ya ƙara faɗi. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na biyar muka koma Omdurman, sista ta duba filasta, ta ce da sauri haka? Ta kira likita, aka zare roba.

Bayan kwana uku hammata ta cika kamar an cusa mangwaro. Fata ta yi ja, ta yi ƙyalli, zazzaɓi ya kama ni har haƙora suna haɗuwa. Hannun ba ya sauka jikina, sai in riƙe shi a buɗe kamar kaza mai jin zafi. Aka sake kai ni asibiti.

Sista ta soka sirinji ta ja, ta zubar, ta sake ja. Abin da ya fito ba ruwa ba ne kawai, da mugunya. Ta kalle ni kamar ɓarauniya, ta ce ko dai na ja layin ƙarya don in rabu da roba. Kafin in buɗe baki Yaya ta amsa daga bakin ƙofa.

"Ba ta yi ƙarya ba. Ni nake rage shi in ta yi barci, in binne a gindin darbejiya. Ai da ban yi ba, da ya fi haka."

Sista ta tambaye ta da wane hannu take buɗewa. Yaya ta ɗaga hannayenta biyu, da ƙasa a ƙarƙashin farce, ta ce da waɗanda Allah ya ba ta.

Aka buɗe ɗinki ta gefe. Kwana goma sha ɗaya ana wanke ramin nan safe da yamma, ruwan gishiri da farko, sannan na magani, a tura shi ciki da sirinji, ya dawo a kwanon ƙarfe. Sanyi yake shiga, ya koma wuta. Ban yi kuka ba, gefen tobi nake ciza. Sista ba ta ba ni haƙuri a kan zargin ba, sai dai daga ranar ta riƙa ɗumama ruwan a tafin hannunta kafin ta zuba. Ta hana Yaya shiga ɗakin. Yaya ta zauna a baranda tana gaya wa masu jinya cewa asibiti ne ya ruɓar da ni.

Da na dawo gida na je gindin bishiyar. Ramuka uku, a jere, kowanne da ɗan dutse a kai. Ta yi su da kyau. Na ce mata ta ɗauki buhunta.

"Matar ƙanena, don Allah na yi miki."

"To ki je wurinsa ya biya ki," na ce.

Miki ya warke. Hannun bai koma ba. Ya yi kauri daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, awarwarona sai da aka yanke. Likita ya ce wasu yana same su ko ba ruɓa, ba zai rantse a kan dalili ba. Shi ya san abin da zai rantse a kai. Ni na ga ramukan.

Ranar da na sake hura wuta a ƙarƙashin doka, kisrar farko ta fito kamar tafin takalmi. Ta goma ma haka. Na koma hagu. Wata bakwai ina ƙona yatsu, ina ba awakin maƙwabta abin da ya lalace, kafin ta fito siririya yadda za a ga haske ta cikinta. Wasu masu saye sun gudu don da hagu nake yi. Wasu sun dawo.

Yaya tana zuwa duk sallah, ba a hana yayar miji shiga gida. Ina shimfiɗa mata tabarma, in gaishe ta yadda ya kamata. Sannan in koma gaban doka in yi mata tata kisrar daban, da hannun dama. Tana taunawa a hankali, ba ta taɓa cewa ta yi kauri ba.